ILMIN KIMIYYA DA JABUNSA

'Yan'uwana ɗalibai, kowa a cikinmu ya san abin da a ke kira kuɗin jabu. Dattawa sun ce a zamanin sule da sisi, in aka miƙa wa ɗan kasuwa kuɗin da zuciyarsa ba ta kwanta da shi ba, sai ya buga shi bisa dutse ya kasa kunne. In ya ji ƙara mai kyau ya jefa aljihu, in kuwa ya ji ta dushe ya mayar wa mai shi. Ba ya duban rigar wanda ya kawo kuɗin, ba ya kuma karɓar rantsuwarsa. To, ilmi ma yana da jabu, kuma jabun ilmi ya fi jabun kuɗi ɓarna, gama shi kuɗi hasararsa a aljihu ta ke tsayawa, amma wannan wani lokaci har rai ya kan ci. Tun da ya ke nan gaba kaɗan za a danƙa mana 'ya'yan mutane mu koyar da su, ya kamata mu san dutsen da za mu riƙa buga magana a kansa.

Daren Gishiri

Bari in fara da abin da ya faru a kaina. Da asubar ranar Juma'a, 8 ga Agusta 2014, ina da shekara 11, Mama ta tashe mu daga barci a gidanmu nan Suleja. Wai kawunmu ne ya bugo waya daga Minna, ya ce kowa ya yi wanka da ruwan zafi mai gishiri kafin gari ya waye, ya kuma sha, shi ne maganin Ebola. Da muka leƙa waje sai muka ga unguwa duka ta tashi, kowane gida an hura wuta. Aka yi mana wankan, aka ba mu muka sha, ƙanena yana kuka ana ɗura masa. Wani dattijo maƙwabcinmu mai hawan jini ya sha kofi biyu, kafin azahar sai da aka ɗauke shi zuwa asibiti. Shi Allah ya yi masa gyaɗar dogo, amma jaridu sun ba da labarin waɗanda suka mutu a wasu garuruwa saboda wannan gishirin, da masu yawa da aka kwantar.

Abin lura shi ne, waɗanda suka yi wankan nan ba jahilai ba ne kaɗai. Akwai malaman makaranta, da ma'aikatan ofis, da masu digiri. Kuma saƙon bai zo da sunan tsafi ba, ya zo ne da kamannin ilmi: wai gishiri yana kashe ƙwayoyin cuta, ai shi ya sa a ke barbaɗa shi ga nama don kada ya lalace. Da kwana biyu suka wuce ba wanda ya kamu a unguwarmu, sai na ji wata mata tana cewa, “Kun gani ko? Da ba don gishirin nan ba, da yanzu ana wani labari.”

Ga yadda abin ya ke a gaskiya. Cutar ta shigo Ikko, watau Legas, ran 20 ga Yuli 2014, tare da wani matafiyi daga Laberiya mai suna Patrick Sawyer. Likita Stella Adadevoh ta hana shi fita daga asibiti, ita ma daga baya ta kamu ta rasu. Ma'aikatan lafiya suka bi sawun mutum wajen 900 da suka yi cuɗanya da masu cutar, suna auna zafin jikinsu kullum har kwana 21, wanda ya nuna alama a keɓe shi. Duka duka mutum 20 suka kamu, a Ikko da Fatakwal, 8 suka rasu. Ran 20 ga Oktoba 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Nijeriya ta rabu da cutar. Ko mutum ɗaya bai kamu a Jihar Neja ba, da wanda ya yi wankan gishiri da wanda ya yi ta sharar barcinsa. Ashe gishiri ya sami yabon aikin da bai yi ba.

Kimiyya, Camfi, Da Jabun Kimiyya

Kafin mu ci gaba sai mu rarrabe abubuwan nan, don a kan cakuɗa su.

Ilmin kimiyya shi ne binciken halittu, kamar tsire-tsire da dabbobi da duwatsu da taurari da jikin ɗan Adam, ta hanyar dubawa da aunawa da gwaji. Mai wannan ilmi ya kan ga abu, ya yi zaton dalilinsa, sa'an nan ya shirya gwajin da zai nuna masa ko zatonsa daidai ne ko kuskure, ya kuma bayyana wa sauran masana yadda ya yi don su sake su gani.

Camfi kuwa shi ne irin abin da muka taso muka ji, kamar a ce in yaro ya ci ƙwai zai zama ɓarawo, ko in an yi shara da dare arziki zai gudu. Shi camfi ba ya da'awar an auna shi. In ka tambayi tsohuwa dalili sai ta ce haka muka tarar, magana ta ƙare.

Jabun kimiyya shi ne mai wuyar ganewa, domin ya kan ari rigar kimiyya ya sa. Za ka gan shi da farar riga irin ta likita, da na'ura mai walƙiya, da manyan kalmomin Turanci, da takardun shaida manne a bango, amma in ka nemi gwajin da aka yi sai ka tarar babu. Camfi kamar tsakuwa ne, ba mai ɗaukarsa kuɗi. Wannan kuwa an ƙera shi ne musamman don ya yi kama da sule.

Sai in ƙara da cewa wannan darasi bai shafi addinin kowa ba. Musulminmu da Kiristanmu duk mun yarda Allah ne mai warkarwa, kuma duk mu kan je asibiti. Maganarmu a kan abin da a ke iya aunawa ta ke, watau in wani ya ce ruwan kwalabar nan yana kashe ƙwayar cuta kaza, ta ƙaƙa za mu san gaskiyarsa? Ga tambayoyi biyar da za su taimake mu.

Tambaya Ta Fari: In Ƙarya Ne, Akwai Hanyar Kama Shi?

Maganar kimiyya ta kan fito fili ta tsaya inda kowa zai iya kā da ita. Ran 29 ga Maris 2006 aka yi husufin rana, har gari ya yi duhu da hantsi a Gusau da Katsina. Tun da daɗewa kafin ranar masana taurari suka faɗi kwanan wata, da sa'a, da garuruwan da duhun zai ratsa, gama sun san tafiyar wata da ta duniya, sun kuma lissafa lokacin da wata zai gitta tsakaninmu da rana. Da ranar ta zo ta wuce ba a ga kome ba, da duniya duka ta yi musu dariya. Har yanzu ma sun sake sa wuyansu, sun ce ran 20 ga Maris 2034 wani husufin zai ratsa kudancin Nijeriya. Wanda Allah ya ba yawan rai sai ya rubuta ya ajiye.

Yanzu kwatanta wannan da maganar mai duba, ko masu rubuta wa mutum sa'arsa bisa ga watan haihuwarsa. Za a ce maka, “Akwai tafiya a gabanka, akwai kuma wani na kusa da kai da ba ya son ci gabanka.” Wane ne ba shi da tafiya a gabansa? In abu mai kyau ya same ka, ya faɗa. In mummuna ne, ai ya gaya maka akwai maƙiyi. Maganar da ta dace da kowane abin da zai faru ba ta gaya maka kome ba. Wani masani mutumin Ostiriya, Karl Popper, ya yi bayanin wannan a cikin littafinsa na 1934, inda ya nuna cewa alamar maganar kimiyya ita ce a iya faɗin abin da in an gan shi, to, ta faɗi.

Muna da misali a ƙofar gidanmu. A da an ce ba mai kusantar gindin Dutsen Zuma ya kwana lafiya, an kuma ba da labarai masu ban tsoro game da mutanen ƙauyen da ke cikin kurmin wurin. A cikin littafin tarihin Abuja, watau garinmu kafin a sāke masa suna, wanda Alhaji Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi suka rubuta, aka buga fassararsa ta Turanci a 1952, an ba da labarin yadda Sulaimanu Barau, tun bai hau gadon sarauta ba, suka tafi tare da Di'o don su gani da idonsu. Suka tarar da mutane kamar kowa, suka gaisa, suka komo gida lafiya. Sulaimanu Barau ya zama Sarki a 1944, ya yi ta mulki har 1979. Shi tsohon malamin makaranta ne, wanda ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya kuwa yi abin da ya kamaci malami. Gani ya kori ji.

Tambaya Ta Biyu: Ina Waɗanda Ba Su Sha Ba?

Wannan ita ce tambayar da matar unguwarmu ba ta yi ba. Duk mai tallar magani da lasifika a kasuwa ko a tasha yana da labarin wanda ya sha ya warke. Mai yiwuwa ne labarin gaskiya ne, amma bai isa hujja ba, saboda dalilai sanannu. Cututtuka da yawa, kamar mura da ƙananan ciwon ciki, su kan tafi don kansu. Waɗansu kuma, kamar ciwon gaɓoɓi, su kan tashi su lafa, mutum kuwa ba ya neman magani sai ciwo ya tsananta, saboda haka kome ya sha a ranar, saukin da zai biyo baya sai a ce aikinsa ne. Ban da haka, in mutum ya sa rai ƙwarai ga magani ya kan ji dama-dama ko da garin rogo aka ba shi. Daɗin daɗawa, wanda ya sha bai warke ba ba ya zuwa gaban lasifika ya ba da shaida, balle wanda ya mutu.

Hanyar fita daga wannan ruɗu ita ce kwatanci. A 1747 wani likitan jirgin ruwa, James Lind, mutumin Sikotilan, ya sami matuƙa 12 masu wata cuta da ke addabar masu doguwar tafiya a teku, wadda ke sa dasashi ya kumbura ya yi ta zub da jini, haƙora su yi girgiɗi, jiki ya mutu. Ya raba su kashi 6, mutum bibbiyu, abincinsu iri ɗaya, wurin kwanansu ɗaya, sai dai kowane kashi da abin da a ke ƙara masa. Waɗansu ya ba su ruwan tsami, waɗansu ruwan teku, waɗansu kuma lemon zaƙi biyu da lemon tsami ɗaya kowace rana. Cikin kwana 6 masu shan lemo suka murmure, har ɗayansu ya koma bakin aiki. Masu shan ruwan gishirin teku kuwa suna nan kwance. Lind bai san abin da ke cikin lemo ba, sai a ƙarni na 20 aka gano bitamin C. Duk da haka gwajinsa ya nuna wanne ke aiki, domin ya ajiye waɗanda za a kwatanta da su. Har yau haka a ke gwada sabon magani, sai dai da mutane ɗaruruwa ko dubbai, a kan kuma ɓoye wa majiyyaci da likitansa wanda aka ba na gaske da wanda aka ba na banza, don kada son zuciya ya shiga lissafi.

Tambaya Ta Uku: In An Sake, Abu Ɗaya Za A Samu?

Ma'aunin kirki ba ya sāke magana. In ka auna tsawon tebur da safe ka sami ƙafa 4, da yamma ma ƙafa 4 za ka samu, in ka ba abokinka ma'aunin shi ma haka.

A hutun da ya wuce na ga wasu mutane sun kafa rumfa kusa da wata tasha, da kwamfuta, da wani ɗan ƙarfe da a ke riƙewa a tafin hannu. Wai cikin minti ɗaya na'urar za ta karanta hanta da ƙoda da jini da ƙashi, ba a ɗebi jini ba, ba a ɗebi fitsari ba. Abokina ya biya ya riƙe. Aka ce yana da gyambon ciki, ƙodarsa kuma ta fara rauni, ga magungunan da zai saya nan take a wurinsu. Hankalinsa ya tashi. Na ce masa, “Malam, kada ka saya tukuna, mu dawo da la'asar.” Da muka koma ya sāke riga, ya faɗi wani suna, ya ƙara wa kansa shekara 10. Wannan karon ciki lafiya lau, ƙoda lafiya lau, amma wai ƙashinsa ya fara zaizayewa, idonsa kuma yana cikin haɗari. Jiki ɗaya, rana ɗaya, cuta ta sāke. Kuɗin da muka yi hasara kaɗan ne. Abin tsoro shi ne mai ciwon sukari na gaske da za a gaya wa lafiyarsa ƙalau, ko lafiyayyen da zai sayar da akuyarsa don maganin cutar da ba shi da ita.

Tambaya Ta Huɗu: A Fili Ya Ke, Ko Asiri Ne?

Mai kimiyya ya kan buga abin da ya gano, da yadda ya yi, da yawan mutanen da ya gwada, har da waɗanda abin bai yi wa aiki ba, don abokan aikinsa su tone kuskurensa in akwai. Mai jabu kuwa in ka ce ya buɗe ƙullinsa sai ya ce asiri ne, ko ya ce maƙiya ne ke son su sace masa.

A wajen 1999 zuwa 2000 wani likita a Gwagwalada, nan kusa da mu, ya ce ya samo maganin ƙanjamau da rigakafinta. Jama'a suka yi ta tururuwa. Masana suka ce a kawo hujjar da aka samu ta hanyar gwaji bisa ƙa'ida, ba su gamsu da abin da suka gani ba, a 2000 Gwamnatin Tarayya ta hana amfani da shi. A Gambiya abin ya fi haka muni. A 2007 shugaban ƙasar na lokacin, Yahya Jammeh, ya ce yana warkar da ƙanjamau da wani haɗin ganyaye wanda bai yarda ya faɗi abin da ke ciki ba, aka kuma sa majiyyata su bar magungunan asibiti masu danne ƙwayar cutar. Waɗansunsu suka mutu.

Kada kuma mu zaci wannan ciwon ƙasashenmu ne kaɗai. Wani Bature ɗan kasuwa a Ingila, James McCormick, ya yi shekaru yana sayar wa gwamnatoci, musamman ta Iraƙi, wata na'ura da ya ce tana gano bom daga nesa. Da aka buɗe ta sai aka tarar ba kome a ciki da zai iya gano wani abu, ɗan sandan ƙarfe ne kawai mai juyawa bisa mariƙi. A 2013 kotu ta ɗaure shi shekara 10. Mu mutanen Suleja da Madalla, da muka ga abin da bom ya yi mana a 2011, ba sai an gaya mana nauyin wannan laifi ba. Manyan hafsoshi ne suka saya, da tun farko sun ɓoye abu a cikin akwati ɗaya daga cikin 10 sun ce a nuna musu, da ramin ƙarya ya ƙure nan take.

Wani abu kuma da ya kamata mu sani: lambar hukumar NAFDAC a jikin kwalabar maganin gargajiya ba shaida ba ce cewa yana warkar da dukan cututtukan da mai talla ke lissafawa. A kan rubuta a jikin irin waɗannan kwalabe, da ƙananan baƙaƙe, cewa hukumar ba ta tantance da'awar ba. Mu koya wa yara karanta ƙananan baƙaƙe. In kuwa ka ji an ce magani ɗaya yana maganin basur da shawara da taifot da ciwon sukari da rashin haihuwa, sai ka tuna waɗannan cututtuka dalilansu dabam dabam ne, mabuɗi ɗaya kuwa ba ya buɗe ƙofofin gari duka.

Tambaya Ta Biyar: Yana Karɓar Gyara?

Waɗansu su kan ce, “Ai su ma likitocin kullum sāke magana su ke yi.” Gaskiya ne, wannan kuwa abin yabo ne a gare su. Iyayenmu sun yi shekaru suna shan kulorokwin in zazzaɓin cizon sauro ya kama su, yana kuwa aiki. Sannu a hankali ƙwayar cutar ta saba da shi. Da aka auna aka ga yara da yawa suna sha ba sa warkewa, sai a 2005 Nijeriya ta sāke tsari, aka koma ga haɗin magunguna masu sinadarin atimisinin. Awo ne ya kawo kulorokwin, awo ne kuma ya kawar da shi. Masu kimiyya mutane ne, su kan yi kuskure, akwai ma masu ha'inci a cikinsu, amma hanyar aikinsu tana da wurin kama kuskure. Mai jabu fa? Abin da ya faɗa shekara 20 da suka wuce shi ya ke faɗa yau. In maganinsa bai yi aiki ba, laifinka ne: ba ka sha daidai ba, ko ba ka ba da gaskiya ba.

Ilmin Iyayenmu Fa?

A nan sai mu yi hattara, kada ɗan karatun da muka yi ya sa mu raina gida. Ba duk abin da ya fito daga ƙauye ne camfi ba, ba kuma duk abin da ya zo cikin kwali daga Turai ne kimiyya ba.

Dubi ginin tukwane, wanda garinmu ya yi suna a kansa. Matan Gwari sun san yumɓun da zai yi tukunya da wanda zai fashe, sun san abin da za su cuɗa a ciki don ya jure wuta, sun san kwanakin da zai yi yana bushewa. Ba su karanta wannan a littafi ba, amma kowace tukunya gwaji ce, wuta kuwa ba ta karɓar hanci. Da Michael Cardew ya zo daga Ingila ya kafa makarantar koyon ginin tukwane a garin nan a farkon shekarun 1950, ya yaba da aikinsu ƙwarai. Shi abin da ya kawo shi ne gashi cikin matoya mai zafin da ya wuce digiri 1,200, da ruwan ƙyalli da a ke haɗawa da toka da garin dutse. Wannan ma sai da ya yi ta gwada ƙasa iri iri a kan 'yan gutsattsari, yana rubuta abin da kowane haɗi ya bayar. Ladi Kwali ta shiga makarantar a 1954, ta gama ilmin gida da sabon ilmi, har tukwanenta suka kai Landan, ga hotonta nan a bayan takardar Naira 20. Ilmin nan biyu sun zauna lafiya da juna domin dukansu wuta ce alƙalinsu.

Haka abin ya ke wajen itatuwan magani. Kwinin daga ɓawon wani itace na Amurka ta Kudu aka samo shi. A 1854 Likita William Baikie ya shigo Kwara da Binuwai da jirgin ruwa yana ba mutanensa kwinin kullum, ba wanda zazzaɓi ya kashe, alhali a tafiyar 1841 Turawa da yawa sun mutu. Atimisinin ɗin nan kuma wata masaniya 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou, ita da abokan aikinta suka fitar da shi a 1972 daga wani ganye ɗan'uwan tazargade, bayan sun bincika tsofaffin littattafan maganin ƙasarsu, aka ba ta kyautar Nobel a 2015. Amma sai da suka gwada ganyaye masu ɗimbin yawa waɗanda littattafan suka yaba, galibinsu suka faɗi. Saboda haka in kaka ta ce saiwar kaza tana magani, kada mu yi mata dariya, kada kuma mu rantse a kai. Magana ce da ke jiran gwaji, a san ko tana aiki, a san ma'auninta, a kuma san illarta ga hanta da ƙoda.

Yadda Za Mu Koyar Da Wannan A Aji

Yaro ba ya koyon wannan ta hanyar hadda. In ka rubuta a allo cewa kimiyya gaskiya ce camfi ƙarya ne, ya kwafa ya haddace, to, ka ƙara masa wani camfin ne kurum, gama ya karɓa don Malam ya faɗa.

Lokacin da aka tura ni koyon aikin koyarwa na tambayi 'yan aji biyar daga ina tsutsar nama ke fitowa. Duka suka ce daga cikin naman, wani yaro har ya kawo mini karin magana, wai tsutsar nama ita ma nama ce. Ban ce masa a'a ba. Na sa aka kawo kwalabe uku masu faɗin baki, muka sa ɗan yankin nama a kowace. Ta fari muka bar ta buɗe, ta biyu muka ɗaure bakinta da ƙyallen gidan sauro ninki biyu, ta uku muka rufe ta da murfi. Kafin mu ajiye su a bayan aji na ce kowa ya rubuta abin da ya ke zato zai faru, ya kuma rubuta abin da in ya gani zai yarda ya yi kuskure. Bayan kwana 3 buɗaɗɗiyar ta cika da tsutsa. Sauran biyun naman ya ruɓe, yana wari, amma ba tsutsa ko ɗaya a jikinsa. Wata yarinya ce ta lura da ƙudaje suna sauka bisa ƙyallen, ta kuma nuna mana 'yan fararen ƙwayaye da suka bari a kai. Mai karin magana ya ce, “Malam, a sake, wataƙila naman ne ba iri ɗaya ba.” Na ji daɗin wannan musu fiye da dukan amsoshin da aka ba ni a makon. Muka sake da yanka ɗaya aka raba uku, abin ya fito kamar na fari. Sa'an nan na gaya musu wani likita a Italiya, Francesco Redi, ya yi wannan gwaji tun 1668, lokacin da manyan masana ma ke cewa nama ne ke haifar tsutsa. Kashegari yarinyar nan ta ce mini ta sa an rufe abincin ƙanenta saboda ƙuda.

Kun ga ba a bukaci ɗakin gwaji mai tsada ba. Gwangwani, da irin wake, da ruwa, da ma'auni sun isa a yi gwaji iri iri. Abin da ya fi wuya shi ne malami ya daure yaro ya tambaye shi, “Malam, ƙaƙa aka sani?” ba tare da ya ɗauki bulala ba. In ka san amsa ka faɗa, in ba ka sani ba ka ce ku bincika tare. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. Yaran da za mu koyar su ne za a buga wa waya da tsakar dare nan da shekara 20, a ce su tashi su ɗura wa 'ya'yansu wani abu. Fatanmu a sami wanda zai tsaya ya yi tambaya kafin ya hura wuta.

Aikin Yi

1. Rubuta camfi 5 da ka ji a garinku. Ware waɗanda a ke iya gwadawa ba tare da an cuci kowa ba, ka bayyana yadda za ka shirya gwajin ɗaya daga ciki.

2. Saurari mai tallar magani a kasuwa ko a rediyo, ka rubuta abin da ya faɗa, sa'an nan ka auna shi da tambayoyin nan biyar.

3. Me ya sa Lind ya ba matuƙan nan 12 abinci iri ɗaya? Me zai faru da kowane kashi ya ci nasa dabam?

4. Wani ya ce maka, “Na sha na warke, saboda haka yana aiki.” Kawo dalilai 3 da za su iya sa ya warke ko da maganin bai yi kome ba, ka kuma faɗi yadda za ka bayyana masa cikin ladabi in ya girme ka.

Wanda ya yi gwaji na fari ya kawo sakamakonsa ga Editan shafin Hausa, ko ya fito yadda ya zata ko bai fito ba, don sauran 'yan'uwa su sake su gani.